Darasin Tattalin Arziki: Alƙaluman Ruwan Ogoni da Wanda Ke Riƙe da Su

A ilmin tattalin arziki akwai irin hasarar da kamfani kan jawo amma ba ta shiga littafin lissafinsa, sai ta faɗa kan wasu da ba su da hannu cikin cinikin. Gurɓacewar ruwa tana sahun gaba a wannan babi. Gwamnati ba ta iya mayar da hasarar kan mai ita sai an auna ta, awon kuwa ba ya da amfani in an kulle shi a ofis. Ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas ita ce misali mafi kyau a Nijeriya.

Kamfanin Shell ya daina haƙar mai a Ogoni tun 1993, bayan boren da jama'ar yankin suka yi, amma bututunsa sun ci gaba da ratsa ƙasar. Shekara da shekaru mutane suna kukan ruwansu ya ɓaci, ba wanda ya iya faɗin iyakar ɓacin da alƙaluma, sai da Gwamnatin Tarayya ta gayyato Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP. Jami'anta sun shafe wata 14 suna aiki, sun duba wurare fiye da 200, sun ɗebi samfurin ƙasa da ruwa sama da 4,000, suka miƙa rahoto a watan Agusta na 2011.

Abin da aka gano a Nisisioken Ogale shi ya fi tayar da hankali. A rijiyoyin da ake sha a garin an sami sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Har ila yau an tarar da tataccen mai, kaurin santimita 8, kwance bisa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a kafa asusu da dala biliyan ɗaya domin shekaru biyar na farko.

Abin lura shi ne Nijeriya ba ta rasa hukumomi ba a lokacin. An kafa hukumar NOSDRA mai gano malalar mai tun 2006, ga kuma Sashen Albarkatun Man Fetur na wancan zamani. Amma rahoton ya nuna cewa jami'an sa ido ba su da kayan aikin kansu, kusan kullum kamfanin da za a bincika shi ke kai su wurin da ɓarnar ta auku. Wanda ya shiga jirgin ruwan wani, da wuya ya musa masa hanya.

A nan darasin ya fi zurfi, domin alƙaluman malalar mai kuɗi ne tsagwaronsa. Idan bututu ya fashe, ana haɗa tawagar bincike ta wakilan kamfani da na gwamnati da na al'umma, su rubuta abu biyu: me ya jawo fashewar, ganga nawa kuma ta zube. A ƙarƙashin Dokar Bututun Mai, idan aka rubuta cewa ɓarayi ko masu zagon ƙasa ne suka fasa, kamfani ba ya biyan diyya, ko da yake sharar wurin tana wuyansa. Idan aka rubuta tsatsa ce ko sakaci, sai ya biya, yawan diyyar kuma yana bin yawan gangunan da aka rubuta. Saboda haka kalma guda a takardar binciken tana iya ɗauke nauyin miliyoyi daga wannan ɓangare ta ɗora wa wancan. Satar mai gaskiya ce a yankin Neja Delta, ba mai musun wannan. Matsalar ita ce mai na'urar awo shi ne wanda sakamakon awon zai shafi aljihunsa.

Shari'ar garin Bodo ta fito da wannan fili. An sami malala biyu a can daga 2008 zuwa farkon 2009. Takardar binciken malalar farko ta ce ganga 1,640 ce ta zube, amma wani kamfanin ƙwararru na Amurka da ƙungiyar Amnesty International ta nemi ra'ayinsa ya ƙiyasta fiye da ganga 100,000. Da magana ta kai kotu a Landan, Shell ya amsa cewa alƙaluman farko sun gaza gaskiyar abin da ya zube. A watan Janairu na 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga masunta kimanin 15,600, miliyan 20 ga garin. Abin tambaya shi ne garuruwa nawa aka sallama da alƙaluman da ba wanda ya sake aunawa, tunda ba kowa ke da lauya a Ingila ba.

An ɗan sami ci gaba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, hukumar NOSDRA kuma ta buɗe shafin intanet inda ake jera malalar da aka kai rahotonta, da wurin da dalilin. Sai dai shafin yana ɗauke ne da abin da tawagar bincike ta rubuta, in an yi kuskure a bakin bututu, kuskuren ne zai hau kwamfuta.

Aikin sharar kansa bai tsira ba. An kafa hukumar HYPREP a 2012, aka ƙaddamar da shirin a Bodo a watan Yuni na 2016, shekara biyar bayan rahoton. A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da wasu takardun cikin gida na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke nuna cewa an ba wasu kamfanoni marasa gogewa kwangilar sharar, ana kuma shakkar sakamakon ɗakunan gwajin da ake dogara da su. Ke nan bayanin da ya kamata gwamnati ta buga da kanta, ta ɓarauniyar hanya ya iso ga jama'a.

Ɗan kasuwa yana da ruwa da tsaki a nan. Mai masana'antar ruwan leda ko gonar kifi, da bankin da zai ba shi rance, duka suna sa kuɗi ne bisa zaton ruwan wurin lafiya yake. In babu sakamakon gwaji da ake bugawa a kai a kai, ko dai kowa ya biya kuɗin gwajin kansa, ko ya yi kasada, ko ya kai jarinsa wani wuri.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ƙara wa takardar binciken nauyi. Ta tilasta wa kamfanoni zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar da ke masaukinsu, amma ta ce in an yi zagon ƙasa a yankin, za a cire kuɗin gyara daga wannan asusu. A watan Maris na 2025 Shell ya kammala sayar da reshensa mai haƙar mai a kan tudu ga kamfanin Renaissance, wanda akasarin masu shi 'yan ƙasa ne. Tsofaffin bututun suna nan inda suke, kuma sabon mai su shi ne zai riƙa zama a tawagar da ke rubuta dalilin kowace fashewa.