Darasin Inji: Yadda Za A Karanta Takardar Gwajin Baƙin Mai

'Yan'uwa manoma, idan ƙungiyarku ta aika da tsohon baƙin man motarta mai shan gas zuwa ɗakin gwaji, za a dawo muku da takarda cike da lambobi. Yawancinsu ana auna su da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan.

Ku fara duba silikon, gama ƙura ce babbar abokiyar gāban injinmu. Sabon mai ma yana da kaɗan, don hana kumfa. Amma in ya hau, ƙarfe kuma ya hau tare da shi, to ƙura ta sami hanya, tana cin silinda da ringi. Kada ku ɗora wa mai laifi. Ku duba matacin iska da tiyon da ke bayansa, musamman da hunturu. Ƙaramar tsaga ta isa.

Dalma da jan ƙarfe suna nuna mital ya soma cinyewa. In man ya tsinke, a duba nozul, watakila gas ke zuba ciki. In an ga ruwa, ko sodiyam da fotasiyam sun hau, ana zaton ruwan lagireto ne. A ajiye motar sai makanike ya gani. Baƙin launi kuwa kunkunniya ce, halin injin gas ne.

Takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Misali, ƙarfe 40, sai 45, sai kwatsam 120, alhali tafiyar ɗaya ce: nan ne magana take. Saboda haka magatakarda ya adana kowace takarda, ya rubuta kilomita nawa man ya yi. A ɗebi man tun injin yana da ɗumi, daga tsakiyar zuba, cikin kwalba mai tsabta.