Ƙungiyoyin Sa-kai da Amincewar Al'umma: Nazari a Kan Rotary da Yaƙi da Cutar Shan-inna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙungiyoyin sa-kai na duniya, ta ɗauki Rotary a matsayin misali, sannan ta bi sawun aikinta na kawar da cutar shan-inna, musamman a arewacin Nijeriya. Nazarin ya nuna cewa dukiya da kyakkyawan tsari suna kai aikin agaji bakin ƙofa ne kawai, amincewar masu gida ita ke shigar da shi ciki.

1.0 Gabatarwa

Taimakon juna tsohon abu ne a rayuwar ɗan Adam. Bahaushe ya san gayya tun kaka da kakanni, inda maƙwabta ke haɗuwa su nome gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa. Abin da ƙarni na 20 ya zo da shi shi ne ƙungiya mai rajista da kuɗin shiga da taron mako-mako, wadda rassanta ke ƙetare iyakokin ƙasashe. Fitattu daga cikinsu a Amurka suka tsiro: Rotary a 1905, Kiwanis a 1915, sai Lions a 1917. Kowacce ta yi suna da wani aiki. Lions, alal misali, ta rungumi lafiyar ido tun bayan da Helen Keller ta yi kira ga 'ya'yanta a 1925 da su tsaya wa makafi.

2.0 Asali da Tsarin Rotary

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chikago ranar 23 ga Fabrairu, 1905, shi da abokansa uku. Sukan riƙa zagayawa da taro daga ofishin wannan zuwa na wancan, kuma daga wannan zagayen ne sunan ya samo asali. Da farko manufar zumunci ce da sanin juna tsakanin masu sana'a, daga baya hidimar jama'a ta rinjaya. A 1917 aka buɗe asusun ƙungiyar da gudummawar dala 26 da rabi kacal. Mata kuwa ba su sami damar shiga ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987, wanda ya sa aka buɗe musu ƙofa a duniya baki ɗaya a 1989.

Ƙarfin irin wannan ƙungiya yana cikin mambobinta: likitoci, lauyoyi da 'yan kasuwa masu faɗa a ji, waɗanda ke iya tara kuɗi su kuma ga mahukunta. Rauninta ma daga nan yake, domin mafi yawansu 'yan boko ne mazauna birni, alhali waɗanda ake yi wa aikin talakawa ne na ƙauye da lungu.

3.0 Shirin Kawar da Shan-inna

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafin shan-inna a ƙasar Filifin. Nasarar da aka samu ta sa ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985, da burin tara dala miliyan 120. Zuwa 1988 abin da aka tara ya ninka wannan adadi. A shekarar ce ƙungiyar ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka domin kawar da cutar. A lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A yau Afganistan da Pakistan ne kaɗai ainihin ƙwayar cutar ba ta taɓa yankewa ba.

4.0 Darasin Kano

Kano tana da matsayi na musamman a wannan tarihi. A nan aka kafa reshen Rotary na farko a Nijeriya a 1961. Ɗan wannan reshe, lauya Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004. Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ne Jihar Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, bisa zargin cewa an gauraya shi da maganin hana haihuwa.

Kuskure ne a jingina wannan ƙin yarda ga jahilci kawai. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a 1996 ba, lamarin da ya kai ga doguwar shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da iyaye suka riƙa yi: don me ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ta kama yaro sai mun sayi magani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma masu shirin ba su tanadi amsarta ba.

Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Amma aikin gama ya gama: cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, kuma a 2006 Nijeriya ta sami yara sama da 1,100 da suka kamu.

Al'amarin ya fara sauyawa ne da aka koma ga masu gari. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, malamai suka yi bayani a masallatai, waɗanda cutar ta shanye suka fito suna jan hankalin iyaye. Mata 'yan unguwa, waɗanda ke iya shiga gidajen da baƙon namiji ba ya shiga, su suka ɗauki mafi nauyin aikin. An kuma buɗe sansanonin duba lafiya inda ake ba da maganin wasu cututtuka tare da ɗigon. Aikin bai rasa haɗari ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Duk da haka aka ci gaba. An ga ainihin ƙwayar cutar karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

5.0 Kammalawa

Ba don kuɗi da nacin Rotary ba, da wuya gwamnatoci su dage kan cuta guda fiye da shekara 30. Haka kuma ba don sarakuna da malamai da matan unguwa ba, da maganin ya lalace a cikin akwatin sanyi. Aiki bai ƙare ba, domin wani nau'in ƙwayar da ke rikiɗa daga maganin ɗigo yana bayyana har yanzu a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci, ciki har da arewacin Nijeriya. Maƙalar tana ba da shawarar cewa duk ƙungiyar da za ta kai agaji wata al'umma ta fara jin buƙatar mutanen, ta kuma sa shugabanninsu cikin tsara aikin tun kafin a fara shi.