Iya Kuɗinka Iya Shagalinka: Koyon Lissafin Dogaro ta Karatu Daga Nesa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

A cikin fannonin lissafi akwai wani mataki da ke tsakanin aljabara da kalkulas, wanda akan fara taɓa shi a manyan azuzuwan sakandare, a kuma maimaita shi a shekarar farko ta jami'a. Ginshiƙin wannan mataki shi ne abin da masana ke kira fankshan, wato yadda wani adadi ke dogara a kan wani. A wannan maƙala za a kira shi dogaro. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa ɗalibin da ke karatu daga nesa a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana iya fahimtar wannan darasi, ya kuma duba kuskurensa da kansa, muddin aka soma masa shi da harshensa da kuma abubuwan da yake gani a gona da kasuwa.

2.0 Karatu Daga Nesa da Halin Yankin

Karatu daga nesa daɗaɗɗen abu ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa ma'aikata da malaman makaranta kan karɓi darussa ta gidan waya daga Ingila, su zauna jarrabawar Jami'ar Landan, wadda ta buɗe ƙofa ga ɗaliban waje tun 1858. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da malamai suna bakin aikinsu, kuma a 1990 ta fara ba da takardar NCE ta wannan hanya. Ita kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002.

Ga mutanen kudancin Katsina, wannan hanya ta karatu ta zama larura a 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2020 an rufe makarantun ƙasa saboda annobar korona. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, ba a sako su ba sai ranar 17 ga watan, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. Daɗin daɗawa, a watan Satumba na 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da waɗannan uku, na tsawon watanni. Abin lura a nan shi ne, ɗalibin da aka raba da aji aka ce ya dogara da intanet, ita ma intanet ɗin ta yanke masa. Abin da ya rage a hannunsa littafi ne da rediyo da kansa.

Lissafi kuwa ya fi sauran fannoni jin rashin malami. Mai karanta tarihi idan ya tsallake shafi ɗaya yana iya ci gaba, amma mai lissafi idan ya kuskure mataki ɗaya duk abin da ya gina a kai ya rushe, ga shi babu mai ce masa ga inda ya karkace. Saboda haka darasin da za a aika masa tilas ya zo da ma'aunin da zai gwada amsarsa da shi.

3.0 Ma'anar Dogaro

Dogaro ƙa'ida ce da ke haɗa adadi biyu, ta yadda da zarar an san na farko, an san na biyu. Na farkon za a kira shi sila, a yi masa alama da x, na biyun kuma sakamako, a yi masa alama da y. Sharaɗin ɗaya ne: kowace sila sakamako ɗaya tak take da shi. Misalin da ya fi kusa shi ne na uwa da ɗa. Kowane ɗa mahaifiya ɗaya gare shi, don haka idan ɗa ne sila, mahaifiya ce sakamako, dogaro ya tabbata. Idan aka juya, aka sa uwa ta zama sila, sharaɗin ya karye, domin uwa ɗaya tana iya haifar 'ya'ya goma.

Bajamushe Leibniz ne ya fara amfani da kalmar fankshan a lissafi a ƙarshen ƙarni na 17, kuma Euler ya kawo alamar f(x) a 1734. Amma tunanin da ke ƙarƙashin alamar yana nan a bakin Bahaushe. Idan ya ce “iya kuɗinka iya shagalinka”, ya mai da kuɗi sila, shagali sakamako. Haka nan kalmomi irin su gwargwadon da muddin da da zarar, aikinsu a jimla shi ne su rataya wani abu a wuyan wani. Bambancin da ke akwai shi ne karin magana takan tsaya a kan cewa akwai dogaro, lissafi kuwa sai ya tambaya: nawa ne, kuma daga ina zuwa ina? Aikin darasi shi ne ya ɗauki ɗalibi daga jimlar da ya sani zuwa wannan tambaya.

4.0 Ire-iren Dogaro Huɗu

Duk adadin da za a kawo a wannan sashe na misali ne kawai, an zaɓe su don sauƙin aiki.

4.1 Miƙaƙƙen Dogaro

A ɗauka manomi a Sabuwa zai kai masara kasuwar Dandume. Direba ya ce kuɗin fito da mota naira 2,000 ne, sannan kowane buhu naira 500. Idan x ne yawan buhuna, y kuma kuɗin mota, ƙa'idar ita ce y = 500x + 2,000. Buhu 10 zai ci 7,000, buhu 11 zai ci 7,500. Duk ƙarin buhu ɗaya ƙarin 500 ne, ba ya canzawa, shi ya sa idan aka zana shi a takarda miƙaƙƙen layi yake bayarwa. Ana kuma iya bin ƙa'idar ta baya: mai naira 12,000 zai cire 2,000, ya raba saura da 500, ya ga buhu 20 zai iya ɗauka. Wannan shi ne juyayyen dogaro. Sai dai sila tana da iyaka, domin babu buhu ƙasa da sifiri, kuma mota ba ta ɗaukar fiye da cikinta. Ɗalibin da ya manta iyakokin sila zai sami amsar da ke daidai a takarda amma babu ita a tasha.

4.2 Dogaro Mai Ƙololuwa

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Hanyar da dutse ke bi a sama, ya hau ya kai ƙololuwa ya sauko, ita ce siffar dogaro na biyu. A ɗauka mai lambu a bakin madatsar ruwa ta Mairuwa, a ƙasar Faskari, yana da wayar shinge mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu. Idan faɗin filin x ne, tsawonsa zai zama 20 − x, girmansa kuma y = x(20 − x). Faɗin mita 5 zai ba da murabba'in mita 75, na 8 ya ba da 96, na 10 ya ba da 100, na 12 ya koma 96, na 15 ya koma 75. Wato da waya ɗaya, fili ya fi girma idan tsawo da faɗi suka yi daidai. Darasin da ke ciki shi ne ƙarin sila ba kullum yake kawo ƙarin sakamako ba. Manomi ya riga ya san haka game da taki, domin akwai inda idan aka wuce sai shuka ta ƙone.

4.3 Dogaro Mai Ninki

Wannan shi ne wanda ya fi yaudarar ɗalibai. A ɗauka an zuba masara a rumbu da ƙwari 50 a cikinta, kuma yawansu yana ninkawa biyu kowane wata. Bayan wata ɗaya sun zama 100, sai 200, sai 400, sai 800, sai 1,600, a wata na shida 3,200. Wanda ya ɗauka miƙaƙƙen dogaro ne, ya riƙa ƙara 50 kowane wata, zai tsaya a kan 350 kacal. Tazarar da ke tsakanin 350 da 3,200 ita ce tazarar da ke tsakanin tarawa da ninkawa. Irin wannan dogaro ne ke bayyana yaɗuwar annoba a farkonta, da hauhawar bashi mai ruwa, da yadda darajar kuɗin da aka ɓoye ke zaizayewa idan tsada ta ɗore.

4.4 Dogaro Mai Kewayawa

Duk wanda ya taso a yankin ya san hatsi na araha da kaka, ya fara tashi da rani, ya yi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina, sannan ya sake faɗuwa idan sabo ya shigo. Idan wata ne sila, farashin tiya sakamako, zanen zai yi tudu da kwari, yana maimaita kansa duk wata 12. Da irin wannan zane ake shigar da ɗalibi lissafin kusurwoyi, kuma a kansa ne 'yan kasuwa masu ajiyar hatsi ke gina cinikinsu ko da ba su taɓa zana shi ba.

5.0 Gina Samfurin Lissafi

Samfurin lissafi shi ne a ɗauki wani lamari na rayuwa a siffanta shi da ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji, don a yi hasashen abin da ba a gani ba tukuna. Ga mai karatu shi kaɗai, matakai biyar sun wadatar. Da farko ya faɗi lamarin da jimlar Hausa guda ɗaya, ya fitar da sila da sakamako. Na biyu ya tattara adadi na gaskiya a jadawali, alal misali farashin tiyar masara duk ranar kasuwa. Na uku ya zana su a takarda mai gida-gida ya dubi siffar da suka yi. Na huɗu ya zaɓi ƙa'idar da ta fi dacewa da siffar. Na biyar ya yi hasashe, ya jira kasuwa ta gaba ya gwada.

Mataki na biyar shi ne ke tsayawa a madadin malami. Idan hasashe ya zo kusa, ƙa'idar ta tsaya. Idan ya yi nisa, to ko dai an yi kuskuren lissafi, ko an zaɓi ƙa'idar da ba ta dace ba, ko kuwa lamarin da kansa ya canza. Wannan na ƙarshe yana da misali a yankin. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa. Duk ƙa'idar kuɗin mota da aka gina a kan tsohuwar hanya ta daina aiki daga ranar, ko da lissafinta babu kuskure. Haka ma zanen farashin hatsi yakan kauce wa al'adarsa a shekarar da manoma suka kasa zuwa gonakinsu na daji. Samfuri yana aiki ne muddin sharuɗɗan da aka gina shi a kansu suna nan, kuma ɗalibin da ya gane haka ya wuce matsayin mai haddar ƙa'ida.

6.0 Nauyin da Ke Kan Masu Nazarin Hausa

Yawancin littattafan karatu daga nesa da Ingilishi aka rubuta su, misalansu kuma na wasu wurare ne. Ɗalibi yakan yi fama biyu, da harshe da lissafi, har ya kasa gane wanne ne ya kayar da shi. A nan ne aikin masu nazarin Hausa yake. Ana bukatar daidaita kalmomi, ta yadda abin da aka kira sila a darasin rediyo ba za a kira shi da wani suna a littafi ba. Kalmomin da aka yi amfani da su a wannan maƙala shawara ce, masana lissafi da na harshe su ne za su tace su tare. Ana kuma bukatar darussan da kunne zai iya ɗauka, domin rediyo ba ta nuna zane. Mai gabatarwa zai karanta jadawali a hankali, ya ba mai sauraro lokaci ya ɗiga nasa zanen, kamar yadda malamin zaure ke jan baƙi almajiri na bi.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar lissafi ba ce. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi a kan tsarin hatimai na lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 yana cikin malaman da ake girmamawa. Da Larabci ya yi nasa rubutun, domin shi ne harshen ilmi a wurin masu karatunsa. Masu karatun yau a Sabuwa da Faskari da Hausa suke tunani.

7.0 Kammalawa

An ga yadda annoba da rashin tsaro da yankewar waya suka bar ɗalibai da dama a wannan yanki suna karatu su kaɗai. An kuma ga cewa ire-iren dogaro huɗu da ake bukata kafin shiga kalkulas duk suna da misali a mota da lambu da rumbu da kasuwa, kuma harshen Hausa yana da ginin jimlar da ke ɗauke da tunanin. Abin da ya rage shi ne a rubuta darussan. Mai son gwadawa yana iya somawa da wannan: ya rubuta farashin tiyar masara a kasuwar garinsu na mako 8 a jere, ya zana su, ya yi hasashen mako na 9, sannan ya je kasuwa ya tambaya.