Darasin Mako: Lissafin Doguwar Tafiya a Keke

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, keke ba baƙo ba ne a Birnin Tudu. Da shi muke zuwa makaranta, da shi manoman rani na Bakolori ke kai tumatir da albasa kasuwa. To, ina iyakar inda keke zai kai mutum?

A watan Fabrairun 2021 Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke, ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, bai isa Saudiyya ba sai Disambar 2022. A 2023 kuma wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tuƙa keke kimanin kilomita 4,000 cikin wata 4 don neman gurbin karatu a Jami'ar Azhar. Sau 3 aka tsare shi a hanya. Daga Chadi masu taimako suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ɗauke shi karatu kyauta. Irin wannan tafiya tana buƙatar ƙarfin ƙafa, amma lissafi ke gaba. Ga abubuwa huɗu da za mu lissafa.

1. Lokacin shekara. Turawa suna yin irin wannan tafiya daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da yininsu ke da tsawo kuma ƙanƙarar hanyoyin duwatsu ta narke. Shi ya sa tseren Tour de France, wanda aka fara a 1903, yawanci a Yuli ake yinsa. Mu kuwa a waɗannan watanni muna tsakiyar damina, hanyoyin ƙauye sun caɓe, rafuka sun kawo. Bazararmu ta Maris zuwa Mayu ta fi haɗari, don zafi kan wuce digiri 40. Lokacin da ya dace da mu shi ne daga kaka zuwa hunturu. Ko a Burkina Faso, tseren Tour du Faso wajejen ƙarshen Oktoba ake fara shi.

2. Shimfiɗar ƙasa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan duwatsu jefi-jefi irin na Kwatarkwashi. A fili, iska ce abokiyar gaba: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai nufar can zai sha wuya, mai dawowa kuwa tura shi za ta yi. A dutse, nauyi ne matsala. Mai hawa tsaunin Jos, wanda ya kai mita 1,200 sama da teku, zai ji kowane kilo na kayansa a cinya. Ladansa shi ne sanyi, don zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. A gangara kuma birki ne ransa.

3. Sa'o'in tafiya. Daga Talata Mafara zuwa Sakkwato ya haura kilomita 100. Mu ɗauka 120 ne don sauƙin lissafi, kuma mai keke da kaya yana cin kilomita 15 a sa'a. Tuƙin sa'a 8 ke nan. Amma sa'o'in sanyi 6 ne kawai: 4 daga bayan asuba zuwa hantsi, 2 daga la'asar zuwa kafin magariba. Ashe kilomita 90 zai ci a yini, sauran 30 sai gobe. Wanda ya ce sai ya kai a rana ɗaya, da tsakar rana zai yi tuƙi ko cikin dare, duka biyun kuwa ganganci ne.

4. Ruwa da guzuri. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka ba a ɗaukar na tafiya duka. A san garuruwan da za a cika gora, a riƙa sha tun kafin ƙishi ya matsa. Jiri, ciwon kai da fitsari mai duhu alamu ne na a nemi inuwa nan take. A riƙe dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa, tare da famfo, kayan faci da sifana.

Akwai lissafin da ya fi waɗannan duka. Kowa ya san halin tsaro a hanyoyin Zamfara. Kada ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauki keke ya kama hanya. Ba a fita sai da izinin iyaye, cikin ayari, tare da babba, bayan an tambayi direbobin tasha labarin hanya. In an ce ba lafiya, an fasa ke nan. Kafin Allah ya kawo mana zaman lafiya, taswira da alƙalami sun ishe mu gwaji.

Aikin mako: In Barry ya ci kilomita 4,000 cikin kwana 120, nawa yake ci a yini? Me ya sa amsar ba ta kai 90 ɗin da muka samu a sama ba? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin Alhamis. Za mu liƙa mafi kyau a wannan allo.