Had da Will Have: Dokokin Ajina ga Ɗaliban Hartum da Umdurman

Wannan takarda ta ɗaliban Hartum da Umdurman ce, waɗanda yaƙi ya koro gida da waɗanda ke shirin komawa: 'yan Jami'ar Ifriƙiyya, 'yan Jami'ar Musulunci ta Umdurman, 'yan matan Ahfad, da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a bakin Nilu, waɗanda Larabci ya riga Hausa zama a bakinsu. Tun da aka mayar da yawancin karatun jami'o'in Sudan cikin Larabci a 1990, Turanci ya koma darasin da ake buɗewa daren jarrabawa. To, ofishin da zai karɓi takardarku a Kano ko Zariya da Turanci yake karatu, jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya ma da shi ake yin ta. Lokuta biyu na nahawunsa suka fi tona muku asiri: mai "had", wanda littafi ke kira past perfect, da mai "will have", wanda yake kira future perfect. Ga abin da na yarda da shi, ga wanda ban yarda da shi ba. Ba shawararku nake nema ba.

Kada ku taɓa "had" sai kuna riƙe da lokuta biyu, duka a baya, ɗaya ya riga ɗaya. Wanda ya riga, shi ke ɗaukar "had". Tarihin garin da kuka zauna ya ishe ku misali. Ranar 26 ga Janairu 1885 mayaƙan Mahadi suka shiga Hartum, aka kashe Gordon, Baturen da ke riƙe da garin. Jiragen ruwan da Turawan Ingila suka turo ceto sun iso ranar 28. Sai a rubuta: "When the steamers arrived, Khartoum had fallen." Jiragen sun iso sun tarar an riga an ci gari. Wanda ya rubuta "Khartoum fell" a wurin nan ya ce jiragen na isowa sai garin ya faɗi, kamar su suka kayar da shi. Kwana biyun nan da ke tsakanin 26 da 28, kalma ɗaya ce ta ɗauke su, kuma in kun yar da ita kun yi wa tarihi ƙarya.

Kada ku sa "had" don abu ya tsufa. Wannan cuta daga makarantun gida kuka zo da ita, ba Sudan ta koya muku ba. Kullum sai na ga "The Mahdi had died in 1885", jimla tsaye ita kaɗai. Ya rasu kafin me? Babu amsa, don haka babu "had". "He died in 1885" ya wadatar. Abin da ya faru shekara dubu da ta wuce na iya zuwa babu "had", na minti biyar kuma ya zo da shi.

Ku tsaya ku saurari Hausarku, don a nan tushen matsalar yake. Muna cewa, "Kafin in iso, ya tafi." Muna kuma cewa, "Kafin ka iso gobe, na gama." Na farko jiya ne, na biyu gobe ne, amma sigar ɗaya ce. Hausa kammaluwar aiki take dubawa, ta bar wa "jiya" da "gobe" aikin nuna rana. Turanci bai yarda da wannan sauƙin ba, yana son aikatau da kansa ya faɗi inda kuke tsaye. Shi ya sa Bahaushe ke rubuta "Before you come tomorrow, I have finished", yana ji a ransa daidai ne. Ga gwajin da za ku riƙa yi: ku faɗi jimlar da Hausa, ku gani ko "riga" ta shiga. In ta shiga, ku tambayi kanku, a wane lokaci aka riga? In a baya ne, "had". In a gaba ne, "will have". In yanzu ne, "have" ko "has". Kada wani ya miƙo min takarda bai yi wannan gwajin ba.

Ku ci moriyar Larabcinku. Kun fi 'yan'uwanku na gida sa'a, don kun san "kana ƙad kataba" kun san "sayakunu ƙad kataba". Ma'anar kenan, babu ragi. Amma kada ku ɗauki "kana" ku mayar da ita "was". Mai son ya ce ya isa tashar Shuhada ya tarar mota ta tashi, sai ya rubuta "The bus was left". Abin da ya faɗa shi ne an bar motar a wurin. "The bus had left" ita ce ta tashi ta bar shi a rana.

Ku haddace siga ta uku ta aikatau: go, went, gone; write, wrote, written; fall, fell, fallen. Bayan "had" da "will have" ta ukun ce kawai ke zuwa. Jadawalin bai wuce 'yan shafuka a bayan ƙamus ba. Mutumin da ya haddace babukan sarfu ba shi da bakin kukan wahala a nan.

Babu "will has", ko da mutum ɗaya ake magana a kansa. "She will have gone." Babu.

Kada ku barbaɗa "had" a kan labari daga farko har ƙarshe. In abubuwa na bin juna a jere, shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum ake amfani da shi, kamar yadda muke cewa "ya tashi, ya ɗaura sirdi, ya kama hanya". Ku ɗauki labarin kakannin wasunku. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato a 1903 ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Duk wannan da "left", "was killed", "continued", "settled" za a faɗe shi. Sai lokacin da mai ba da labari ya waiwaya baya "had" ke fitowa: "When they reached the Nile, the British had already taken Omdurman." An yi yaƙin Karari, wanda Turawan suka ci Umdurman da shi, tun 2 ga Satumba 1898. Nasara suka gudo wa, suka iske Nasara ya riga su sauka. Da zarar an gama waiwayen, a ajiye "had" a koma kan hanya. Haka kuma, in "before" ko "after" sun riga sun nuna wanda ya fara, ba laifi ba ne a bar "had". Kada ku je kuna gyara wa marubutan da suka fi ku a kan wannan.

Yanzu "will have". Kada ku rubuta shi babu wa'adi. Aikinsa shi ne ku tsaya a wani lokaci mai zuwa ku waiwayo ku ga aiki ya kammala. Kalmar da ta fi kawo wa'adin ita ce "by". Kuna cikin hafila daga Suƙ Arabi za ku Umdurman a watan azumi, gada ta cushe, rana ta yi ƙasa. Sai ku ce: "By the time we cross the bridge, they will have called the prayer." Ba abin tashin hankali ba ne, tunda mutanen Sudan tare hanya suke yi su sauke matafiyi ya sha ruwa, amma jimlar dai ta fita daidai. Ku lura da kyau: "we cross" aka ce. Bayan "by the time", da "when", da "before", ba a sa "will", ko da maganar gobe ake yi. Wannan doka ba ta da dalilin da zai gamsar da ku. A haddace ta kawai.

Kada ku haɗa "by" da "until". "By Friday" na nufin zuwa Juma'a an gama. "Until Friday" na nufin ana ta yi har Juma'a. "I will have finished until Friday" ba magana ba ce.

Ku iya lissafin shekaru da shi. Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, saboda haka: "By 2056, Sudan will have been independent for a hundred years." Ku kuma sani Bature kan yi amfani da sigar nan don kyautata zato. In wasiƙa ta fara da "You will have heard the news", ba maganar gaba ake yi ba, cewa ake yi "na san dai labari ya iso ka".

"Da na sani" ƙeya ce, a baya take, Turancinta ma a baya yake: "If I had known, I would have come." Ɓangaren "if" ya ɗauki "had", ɗayan ya ɗauki "would have". Kada in ga "would" sau biyu.

In kun ga "he'd", kada ku yi caca. Ku dubi abin da ya biyo baya. "He'd gone" na "had" ne, don siga ta uku ta biyo. "He'd go" na "would" ne. Kuma "had had" ba kuskuren ɗab'i ba ne, kada ku goge ɗaya.

Ga inda nake son ku natsu, don nan ne nahawu ke taɓa shekarun rayuwarku. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Wasunku suka bi motoci zuwa iyakar Masar, wasu suka nufi Fot Sudan, kowa ya bar littattafansa a ɗaki. Tun daga nan kuke rubuta takardun neman a karɓe ku a wasu jami'o'i, kuma mai karanta takardar bai san ku ba, jimlarku kawai yake gani. Ku dubi waɗannan uku. "I had completed my fourth year when the war started": kun riga kun gama aji huɗu, a sa ku a biyar. "I was completing my fourth year when the war started": kuna ciki ba ku gama ba, sai a duba abin da ya rage. "I completed my fourth year when the war started": wannan cewa take yi yaƙi na farawa kuka kammala, mai karatu ya rasa inda zai ajiye ku, kuma ma'aikacin da ya ruɗe ƙasa yake mayar da mutum. Ku zaɓi wadda ta dace da gaskiyarku. Kada wanda bai zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba ya ɓuya a bayan "had completed", don takardar sakamako za ta iso ko ba daɗe ko ba jima. In tsawon zama kuke son nunawa, ga sigarsa: "I had been studying medicine for three years." In kuma ba ku karɓi sakamakon ba kafin fitowa, ku faɗa a fili: "The results had not been released." A ƙarshen takardar ku yi alkawari mai rana: "By September I will have obtained my transcript." Kada ku rubuta watan da kun san ba za ku iya cikawa ba.

Kada ku dogara da cike gurbi. Wanda ya cike gurbi hamsin daidai na iya kasa rubuta jimla ɗaya tasa, tunda mai littafi ne ya riga ya zaɓa masa lokutan biyu. Ku riƙa nemo lokutan da kanku. Ga kayan aiki: an buɗe Kwalejin Gordon a 1902, ta zama Jami'ar Hartum a 1956, an buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 da malamai daga Sudan, Malam Abubakar Gumi ya yi karatu a Bahtar Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Ku ɗauki biyu biyu ku haɗa su a jimla guda, ku sa "had" a kan wanda ya riga. Sannan kowane dare ku rubuta jimla ɗaya kan abin da kuka tarar an riga an yi yau, da ɗaya kan abin da za ku gama kafin Juma'a.

Kada ku kwafo misalan wannan takarda ku kawo min a matsayin aikinku, na san su. A rubuta da hannu, a ja layi ƙarƙashin lokutan biyu na kowace jimla, a kawo ranar Litinin. Takardar da na ga "had went" a cikinta, ba na karanta sauran.