Kafin ka hau doki a tsaunin Mambila

Wani matashi daga Kano ya aiko da tambaya. Shi da abokansa suna shirin zuwa Mambila yawon buɗe ido, za su taka da ƙafa, wani wurin kuma su hau doki. Ya ce shi ba ya jin komai game da dokin, tun yana yaro yake hawan sallah, tsoronsa dai kada numfashi ya gaza masa saboda tsayin wurin.

Malam, abin da kake tsoro shi ne ƙarami. Tudun Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, tsayinsa kimanin mita 1,600 ne daga teku. Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ce. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa yawanci sai an haura mita 2,500 yake fara kama mutum. Haki kam za ka yi, amma mai lafiya ba ya kwanciya saboda shi. Mai ciwon zuciya ko asma ya ga likita tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ka ce ba ka jin komai game da shi.

Hawan sallah a fili ake yi, da zagi a gaba, doki ya yi sukuwa a ja linzami ya tsaya cak. Linzaminmu na gargajiya yana da zafi a baki, don haka ma yake tsayar da doki nan take. A gangare wannan jan shi ne haɗarin. Doki da wuyansa da kansa yake daidaita jikinsa, yana sunkuyawa ya duba inda zai sa kofato. Ka ja shi da ƙarfi don ka tsorata, ya ɗaga kai, ya daina ganin ƙasa, ƙafar baya ta zame a kan jar laka. Saboda haka ka sassauta masa. Dokin da aka haifa a can ya fi ka sanin hanyar, ko ka ga yana bin bakin kwazazzabo kada ka yi gardama da shi.

Wajen hawa ka karkata gaba, ka ɗan ɗaga nauyinka daga bayansa, ka kama geza idan kana neman abin riƙo. Wajen gangara ka zauna a miƙe, jikinka daidai da itatuwan da ke tsaye a gefen hanya, dunduniya ƙasa. Tsinin ƙafa kawai za ka sa a likkafa, domin wanda ya faɗo ƙafarsa na maƙale doki zai ja shi a kan duwatsu. Idan gangaren ya yi tsanani ko ruwa ya jiƙa shi, sauka ka ja dokin. Ba abin kunya ba ne, kuma ba makaɗa a wurin balle su yi maka zambo.

Kafin ka hau, sa a cire sirdin ka shafa bayan dabbar da hannunka. In ka ji kumburi ko ka ga miki, nemi wani. Majayi kuma a sake ɗaure shi bayan an ɗan taɓa tafiya, don yakan saki, sirdi ya zamo wuya a gangaren farko. Masu kula da dawaki sukan ce kada kaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki, wato mai kilo 300 iyakarsa kilo 60, har da sirdi. Dawakin tsauni ba manya ba ne. Mai jiki ya yi wa dabba adalci, ya raba tafiyar da ƙafarsa. Hular kwano, ko ta babur ce, ta fi hular zanna amfani a nan.

Tafiyar ƙafa akwai lissafi da wani ɗan Scotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya ƙara rabin wannan a kai. Gwiwa a gangara take shan wuya, sai ka riƙe sanda irin ta makiyaya, ka rage faɗin taku. Kada ka zo da sabon takalmi, bororo zai fito maka tun kafin azahar.

Sai sanyi. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi, ga iska, ga hazo da ke rufe hanya cikin ɗan lokaci. Shadda da rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa a jiki. Ka tanadi rigar sanyi da rigar ruwa, da busassun kaya cikin leda. Idan abokin tafiya ya soma karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe, a tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari. Ruwan rafi kuwa, komai kyansa a ido, shanu sun sha a sama, a tafasa.

Ku zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina hanyar da ke hawa daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu kanta aiki ce. In Chappal Waddi kuka nufa, tana cikin gandun Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, kuma tafiyar kwanaki ce, sai kun biya ta ofishin gandun a Serti kun karɓi izini da jagora. Da ɗan gari akan ci gari. A can za ku tambayi halin tsaro na makon da za ku shiga, kuma ku bar wa wani a gari sunan hanyar da kuka bi da ranar dawowarku, don waya ba ko'ina take kamawa ba.