Farfesa Hunwick da Tarihin Yahudawan Tuwat

Duk almajirin da ya karanta Sirajul Ikhwan na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ko a Sanyinna ko Tambuwal ko Kebbe, ya ci karo da sunan Shehu Magili, malamin da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rikicin da ya baro a Sahara kafin isowarsa ƙasar Hausa. Masanin da ya bi diddigin wannan rikici shi ne Farfesa John Hunwick.

An haifi Hunwick a Ingila a 1936. Ya koyar da Larabci a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, inda ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci. Daga baya ya koma Jami'ar Northwestern ta Amurka. A 1985 ya buga fassarar amsoshin Magili ga Askiya Muhammadu na Songhai, sannan a 2006 ya fitar da littafi kan Yahudawan Tamantit. Ya rasu a 2015.

Tamantit dai gari ne a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, inda Yahudawa suka daɗe suna fatauci da ƙirar zinariya. Magili ya ga cewa sun keta sharuɗɗan amana, don haka a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, ya ce sam, su 'yan amana ne. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas tambaya, kawunansu suka rabu. A wajen 1492 aka rushe ginin, aka kashe wasu, sauran suka watse. A wannan shekarar ce kuma aka kori Yahudawa daga Andalus.

Abin lura shi ne hanyar aikin Hunwick. Bai tsaya ga hujjar ɓangare ɗaya ba. Ya jera fatawoyin duka kamar yadda Wansharisi ya adana su, ya kuma duba matsayin Yahudawan a kasuwancin Sahara. Da haka aka gane cewa tun a lokacin akwai malaman da suka tsaya wa marasa rinjaye.

Takarda ce ta riƙe muryar Asnuni shekara ɗari biyar. Saboda haka duk mai tsofaffin littattafai a gafaka ya kare su daga gara da danshi.